Tashar jirgin ƙasa a cikin kwamfuta

Jama'a, a horon da nake yi kan siginar jirgin ƙasa an zaunar da mu gaban manhajar da ke kwaikwayon tasha sukutum: layuka, wuraren sauya layi, fitilu, da na'urar da ke gane ko akwai jirgi a wani yanki. Aikinmu mu yi ta jefa wa tsarin matsala. Mu katse waya, mu ɗauke wuta, mu turo jirage biyu layi ɗaya mu ga ko zai ba su hanya. Ƙa'idar ita ce duk abin da ya lalace, fitila ta koma ja.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne da malaminmu ya kwaikwayo mana irin abin da ya faru kusa da Wenzhou a China a Yulin 2011. Tsawa ta faɗa, fis ya ƙone, amma saboda kuskure a ƙirar na'urar sai ta ci gaba da nuna kore alhali akwai jirgi a gaba. Na baya ya afka masa, mutum 40 suka rasu. Ganin fitilar nan ta ƙi komawa ja a allo, wallahi jikina ya yi sanyi.

Sai dai manhaja ba ta gwada abin da ba a yi tunaninsa ba. Hatsarin Clapham Junction a Landan a 1988, da ya ci rayuka 35, tsohuwar waya ce aka bari ba a yanke ba, ba a naɗe bakinta ba, ita ta hana fitila komawa ja. Shi ya sa mako mai zuwa za mu fita fili mu koyi bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya.