Daga Tsafe zuwa Gusau: wa ya goge Dutsen Kwatarkwashi?

Mun bar Tsafe da hantsi muka nufi Gusau, sai muka yada zango a Kwatarkwashi. Daga bakin titi dutsen sumul yake, kafaɗunsa a zagaye, har wani ɗalibi ya ce, "Malam, wannan ba aikin ƙanƙara ba ne?" Tambayar tana kan hanya, don a Norway da Kanada haka malalar ƙanƙara ke barin duwatsu. Muka nemi ɗan gari ya yi mana jagora, muka hau.

Zane muke nema, wato layukan da malalar ƙanƙara ke karcewa a jikin dutse. Idan dusar ƙanƙara ta taru shekara da shekaru ta dunƙule, kaurinta ya kai wajen mita 50, nauyinta kan sa ta soma gangarawa a hankali. Ruwan da ya narke a ƙarƙashinta yakan shiga tsagar dutse ya sake daskarewa, ya kumbura da kashi 9 cikin 100, ya ɓamɓaro gutsure. Gutsuren ya maƙale a gindinta, ta yi ta jan sa a kan fa kamar yadda ake gurza ɗan dutse a kan dutsen niƙa. Ƙanƙara zalla ba ta da taurin da za ta karce dutse, tsakuwar da ta kwaso ce ke yankan. Shi ya sa take barin dogayen layuka a jere, duk sun miƙe waje guda. Gefen dutsen da ta fito ya yi santsi, gefen da ta nufa ya kakkarye.

A Kwatarkwashi ba mu ga ko ɗaya ba. Ɓawo muka tarar yana ɗagowa falle-falle. Wannan dutse a can ƙarƙashin ƙasa ya sandare. Da zaizaya ta kwashe abin da ya danne shi sai ya saki, ya tsattsage bisa lanƙwasar bayansa, zafin rana da ruwan damina suka ƙarasa. Inda sabon shiga ke ruɗewa shi ne tsaga: ita tana nutsawa cikin dutse, zanen ƙanƙara kuwa a fuska yake tsayawa.

Da la'asar muka sauka bakin gulbin Sakkwato a Gusau, wurin masu ɗiban yashi. Ruwa tankaɗe kayansa yake yi, tsakuwa a inda yake da ƙarfi, yashi a gaba, laka a fadama. Ƙanƙara ba ruwanta da wannan, idan ta narke sai ta jibge ƙaton dutse da garin ƙasa a tuli ɗaya. Kwarin da ta haƙa ma faɗin gindi gare shi da bango a tsaye, ba matsattsen kwazazzabo irin namu ba.

Mai son ganin zanen na gaske ba sai ya je Turai ba. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce ƙanƙara ta lulluɓe inda Sahara take a yau, kuma sawunta yana nan a duwatsun kudancin Aljeriya da yankin Jado a arewa maso gabashin Nijar.