Idan Kwamfutar da Ka Harhaɗa Ta Hana Ka Shiga BIOS

Ƙannena masu sayo kaya ɗaiɗai a Beirut Road ko Farm Centre a Kano kuna harhaɗa kwamfuta da hannunku, wata rana za ka kunna, ka yi ta danna Delete har yatsa ya gaji, BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ta ƙi buɗewa. A nan ne hannu kan riga tunani: wani ya zare batirin madabod (babban faranti da ake dasa duk kayan kwamfuta a kansa), wani ya bazama neman fayil ɗin sabunta BIOS. Waɗannan biyun su ne na ƙarshe. Kafin ka ɗauki sukudireba, ka tantance wanne ne cikin uku: kwamfutar ba ta jin kibod ɗinka, ko tana shiga amma allo ba ya nuna maka, ko kuwa ba ta ma tashi ba sam.

Idan Windows na buɗewa lafiya lau, madabod ɗinka kalau yake, shigar ce kawai ke kufce maka. Fara da maɓallin. A madabod na kamfanin MSI da Gigabyte, Delete ne. A ASUS da ASRock, Delete ko F2. F8, F11 da F12 na zaɓen faifan da za a tashi daga kansa ne, wata ƙofa ce daban. Kada ka danne maɓallin ka riƙe. Ka riƙa ɗan taɓa shi kana saki, tun daga lokacin da ka kunna. Kibod mai Bluetooth ka ajiye shi gefe, domin yawanci ba ya magana da kwamfuta sai Windows ta tashi. Nemo mai waya, ko na aro ne, ka cusa shi a ramin USB na baya wanda ke jikin madabod, baƙin nan na 2.0 idan akwai. Ramukan gaban akwati da na mahaɗar USB su ne suka fi yaudara.

Idan duk da haka ta wuce ka, to Fast Boot ne a kunne. Wannan saiti yana rage binciken da madabod ke yi a farkon tashi, har yakan tsallake tayar da USB, don haka duk dannawar da kake yi babu mai jin ta. Kada ka yi gardama da shi, ka bi ta cikin Windows. Riƙe Shift ka danna Restart, sai Troubleshoot, sai Advanced options, sai UEFI Firmware Settings. Ko ka buɗe Command Prompt da izinin admin ka rubuta shutdown /r /fw /t 0. Mai Linux ya rubuta systemctl reboot --firmware-setup. Idan ba ka ga wancan zaɓi ba, buɗe msinfo32 ka duba layin BIOS Mode. In ya ce Legacy, an ɗora Windows ta tsohuwar hanya ne, wannan ƙofa ba za ta buɗe maka ba. Sai ka kashe, ka zare faifan da Windows ke kai, ka kunna. Madabod da ya rasa abin da zai tayar yakan faɗa BIOS da kansa, ko ya tsaya yana tambayarka.

Na biyun ya fi ɓata wa mutane rai, saboda kwamfutar ta riga ta shiga BIOS, kai ne ba ka gani. Alamarsa ita ce ka danna Delete, allo ya zauna baƙi, Windows kuma ba ta zo ba. Leƙa bayan akwati. In kana da katin girafik, wayar allo a jikinsa take shiga, ramukan ƙasa na kwance, ba na madabod ba. Furosesa irin su i5-12400F ko Ryzen 5 5600 ba su da girafik a cikinsu, don haka ramin HDMI na madabod ado ne kawai a wurinka. Masu amfani da talabijin a matsayin allo su lura: kafin talabijin ta gama gane siginar, hoton farko ya wuce, wata ma ba ta karɓar girman hoton BIOS gaba ɗaya. Gwada da monita guda ɗaya, ka cire sauran.

Katunan girafik na hannu da suka cika kasuwarmu suna da nasu hali. Wasu katunan NVIDIA na jerin GTX 700, 900 da 10 sukan bar allo baƙi a kan DisplayPort har sai Windows ta tashi. Kamfanin ya fitar da gyara, amma wayar HDMI ta ishe ka shiga. Katin da ya fi waɗannan tsufa kuma, wanda bai san UEFI (sabon tsarin BIOS) ba, ba zai nuna komai ba idan CSM, saitin da ke barin tsofaffin kaya su yi aiki, na kashe a madabod. Don haka kar ka kashe CSM sai ka tabbatar da katinka.

Idan kuwa fanka na juyawa amma babu hoto ko kaɗan, ba matsalar shiga BIOS ba ce, injin bai kammala binciken kansa ba. Yawancin madabod na yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu kusa da wayar wuta mai fil 24, an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna maka mai laifi. In DRAM ce, wato fitilar RAM, kuma sabon RAM nau'in DDR5 ka saka, yi haƙuri na wasu mintuna, domin tashin farko yana ɗaukar lokaci yana daidaita kansa, kashewa a tsakiya kuma mayar da aikin baya yake yi. In ta ƙi wucewa, bar RAM ɗaya a rami na biyu daga furosesa, wanda ake kira A2, ka danna shi har ka ji ƙas a gefe biyu. Lokacin hunturu ƙura kan cika ramin, sai a hure shi kafin a mayar. In CPU ce, wato fitilar furosesa, duba wayar nan mai fil 8 da ke kusurwar sama ta hagu. Ita ce aka fi mantawa.

Sai yanzu aka zo kan batir. Ana goge saiti ne idan wani abu da ka canza, kamar XMP mai ƙara gudun RAM, ya hana tashi, ko madabod ɗin na hannu ne ya zo da kalmar sirri. Zare wayar wuta daga soket, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 don ragowar wuta ta fita, cire batirin CR2032 mai kama da kwabo, ka jira minti 5. Ko ka haɗa fil biyun gogewa da bakin sukudireba na daƙiƙa 5 zuwa 10: CLRTC a ASUS, JBAT1 a MSI, CLR_CMOS a Gigabyte. Kada ka kuskura ka yi haka da wuta a jiki. Ka sani komai zai koma yadda ya fito daga kamfani: agogo, jerin tashi, gudun RAM, da yanayin SATA, wato yadda madabod ke magana da faifai (RAID ko AHCI). Windows da aka ɗora a kan RAID ba za ta tashi a AHCI ba. In BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne, tana iya neman mabuɗinta mai lamba 48, don haka ka ajiye shi a wayarka tun kafin ka fara. Ranar da komai ke lafiya ma, ɗauki hoton kowane shafi na BIOS ka adana. In kuma agogo na komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, batirin ne ya mutu, volt 3 ya kamata ya ba da.

Sabunta BIOS na da gurbi ɗaya a wannan magana: furosesa ya fi madabod sabunta, kamar Ryzen 5000 a kan B450 da ya daɗe a shago. Idan madabod na da maɓallin sabuntawa a baya, BIOS Flashback a ASUS ko Q-Flash Plus a Gigabyte, ba ka buƙatar ganin allo. Ɗauko fayil daga shafin kamfanin, na ainihin samfurinka har da lambar bita da ke rubuce a jikin madabod, saka shi a filash da aka yi wa format da FAT32, canza masa suna yadda littafin ya ce, ka cusa a ramin da aka yi wa alama. Kada ka yi wannan a kan wutar gari ko ƙaramin janareta. Nemi UPS ko inbata mai cikakken caji, domin in wuta ta yanke a tsakiya madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Bayan ka danna maɓallin, janye hannunka har sai fitilar ta daina ƙiftawa.