Shekara guda ina tara labaran ban mamaki a littafi ɗaya

A farkon shekarar da ta gabata na sayi wani littafin rubutu mai kauri, na ɗaukar wa kaina alkawari cewa kowace rana zan rubuta abu ɗaya tak wanda ban sani ba a da, ko game da wata ƙirƙira, ko wata dabba, ko wani abu da ya taɓa faruwa a irin wannan rana a tarihi. Dalilina bai wuce in sami abin da zan riƙa faɗa wa yarana da daddare ba, domin tambayoyinsu sun fara fin ƙarfin abin da ke kaina. Na ɗauka aikin minti biyar ne, in leƙa intanet, in kwafo jimla mai daɗi, in rufe littafi. Haka kuwa na yi ta yi har kusan makonni shida, kafin jimina ta kunyata ni.

Na rubuta cewa jimina tana binne kanta a cikin yashi idan ta hango abokin gaba, na kuma ba yara labarin har da kwaikwayo. 'Yata ta ɗauki maganar ta kai aji. Da ta dawo ko jakarta ba ta ajiye ba ta tsaya a gabana, idonta ya yi ja, ta ce, "Baba, Malam ya ce ba haka ba ne, kuma duk 'yan aji sun yi mini dariya." A daren na zauna na bincika sosai, na tarar malamin ne da gaskiya. Jimina tana haƙa rami marar zurfi ta yi ƙwai a ciki, tana kuma sunkuyar da kai ta juya ƙwayayen da baki, wanda ya hango ta daga nesa sai ya ga kamar kan ya shige ƙasa. Idan haɗari ya zo, ko dai ta kwanta ta miƙe wuya a ƙasa, ko ta yi harbi da ƙafa, ko ta zuba da gudun da yakan kai kilomita 70 a awa guda. Tsuntsuwar da ke da irin wannan ƙafa ba ta da dalilin toshe wa kanta numfashi.

Washegari na koma shafi na farko na bi abin da na rubuta ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Jemage ba makaho ba ne. Babbar ganuwar Sin ba a ganinta da ido daga duniyar wata, kuma Yang Liwei, ɗan sama jannatin Sin na farko, da ya dawo daga kewaya duniya a 2003 ya ce bai gan ta ba. Napoleon, sarkin Faransa na da, shi ma ba gajere ba ne a ma'aunin zamaninsa: an rubuta tsawonsa ƙafa 5 da inci 2 a awon Faransa, wanda incinsa ya fi na Ingila tsawo, abin da ya kama kusan mita 1.68. Daga ranar na kafa wa kaina doka cewa ba zan rubuta labari ba sai na san wanda ya fara faɗarsa da shekarar da abin ya faru.

Labaran ƙirƙira su ne suka fi cin lokacina, domin a nan ne aka fi datse gaskiya don ta yi daɗin faɗa. Ana cewa Thomas Edison ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki a 1879, alhali Joseph Swan a Ingila yana kan wannan aiki tun kafin lokacin, har daga baya su biyun suka haɗa kamfani guda a 1883. Wanda ya fi burge ni shi ne labarin Velcro, wato maɗaurin nan mai ƙara "ƙyaat" da ake sa wa takalman yara. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya dawo daga yawo a 1941 ya ga 'ya'yan wata ciyawa masu kama da ƙarangiya sun maƙale a tufafinsa da gashin karensa, ya duba su a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne birjik. A nan masu ba da labari suke tsayawa, kamar da safe ya gani da yamma ya fara ciniki. Amma sai a 1955 ya sami takardar mallakar ƙirƙirar, bayan ya sha wahalar neman zaren da zai yi ƙugiya ba tare da ya lalace ba, har ya dace da nailan. Na ɗauko takalmin ƙaramin ɗana da gilashin ƙara girma, muka duba tare: gefe ɗaya layin ƙugiyoyi ne a jere, ɗaya gefen kuma zare ne a cukurkuɗe kamar gashin da ba a taje ba. Yaran sun fi minti ashirin suna karɓe-karɓen gilashin.

Tarihi kuma ya koya mini cewa kwanan wata ma abin tuhuma ne. Ina neman abin da zan rubuta a ranar 10 ga Oktoba sai na ci karo da cewa a Sifen da Fotugal da Folan babu wannan rana a shekarar 1582. Tsohuwar kalandar Yuliyos ta ɗara shekarar rana da kusan minti 11, kuskuren ya yi ta taruwa, sai Paparoma Gregory na 13 ya ba da umarni a tsallake kwana goma, mutane suka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba suka tashi Juma'a 15 ga wata. Birtaniya ba ta bi sahu ba sai a 1752, Rasha kuwa sai a 1918, shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba ya faɗo ranar 7 ga Nuwamba 1917 a lissafinmu na yanzu.

Ranakun bukukuwa masu ban dariya ban ba su muhimmanci ba da farko, kuma har yanzu ina ganin yawancinsu talla ce kawai ta masu neman kasuwa. Amma akwai 'yan kaɗan da suka sa na janye dariyata. Ranar Banɗaki ta Duniya, 19 ga Nuwamba, ta samo asali daga ƙungiyar da Jack Sim ya kafa a Singafo a 2001, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2013 saboda ɗimbin mutanen da ba su da tsaftataccen makewayi da cututtukan da hakan ke jawowa. Ranar bahagwai kuwa, 13 ga Agusta, wadda aka fara a 1976, ita ta sa na zauna na kalli ɗana bahago yana yanka takarda, na ga yadda bakin almakashin na sama ke rufe masa layin da yake bi, alhali na daɗe ina yi masa faɗa cewa ba ya natsuwa.

Yanzu kafin in rufe baki 'yata take tambaya, "Baba, a ina ka gani?" Da na ce mata raƙumin dawa ƙasusuwan wuyansa bakwai ne, daidai da na ɗan Adam, ta ƙi yarda sam, sai da na nuna mata hoton ƙwarangwal ta ƙirga da yatsa. Bakwai ɗin ne, sai dai ƙashi guda yakan kai kusan santimita 25. Ta kwafe shi a nata littafin, ta ce wannan karon ita za ta fara yi wa Malam tambayar.