Kuɗin harba ƙaramin tauraron ɗan'adam: yadda muka yi lissafinsa a Katsina

Aikin da abokan aikina malaman kimiyya da injiniyoyi a nan Katsina suka ɗora mani shi ne in fitar da kasafin harba ƙaramin tauraron ɗan'adam, irin wanda ake kira CubeSat, da zai riƙa ɗauko hoton gonaki da kwararowar hamada a wajajen Daura, Mai'aduwa da Zango. Girman 3U muka zaɓa: faɗi santimita 10, kauri 10, tsawo kimanin 34, nauyi kilo 4 zuwa 5. Wannan ma'auni tun 1999 Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs suka tsara shi a Amurka, kuma a kansa ake yin ciniki har yau.

Duk wanda ya fara bincike, adadi ɗaya zai fara cin karo da shi: dala 2,720 kowane kilo. Asalinsa raba tsohon farashin rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX ne, dala miliyan 62, da iyakar kayan da take iya kaiwa falaki na kusa, wato hanyar kewaya duniya da ba ta da nisa, kilo 22,800. Idan aka tuna cewa jirgin Space Shuttle ya riƙa cin kimanin dala 54,500 a kilo, lallai an samu sauƙi ƙwarai. Amma wannan farashin wanda ya ɗauki shatar roka ne ya cika ta maƙil. Mai buhu guda ba ya biyan kuɗin mota a kan lissafin mai shatar tirela. Kada wanda ya ninka 2,720 sau biyar ya kai wa masu ba da tallafi, domin zai ji kunya daga baya.

Tsadar kanta daga gudu take. Kafin abu ya zauna a falaki sai ya kai gudun kimanin kilomita 7.8 a daƙiƙa guda, kuma kusan duk nauyin roka mai ne. Falcon 9 tana tashi da tan 549, kayan da take kaiwa kuwa kimanin kashi 4 ne kacal cikin ɗari na wannan.

Hanyar masu ƙaramin ƙarfi ita ce haɗaka. SpaceX ta fara jerin Transporter ranar 24 ga Janairun 2021 da taurari 143 a tashi guda, a kan dala miliyan 1 ga kilo 200. Daga baya ta sauko da mafi ƙarancin gurbi zuwa kilo 50, farashin kilo kuma ya riƙa hawa daga dala 5,000 har ya kai 6,000 ya wuce. Ko kayanka kilo 5 ne, kuɗin 50 za ka biya idan kai tsaye ka je. Shi ya sa ake bi ta hannun dillalai irin su Exolaunch a Jamus ko D-Orbit a Italiya. Su ke sayen gurbin, su ɗaura akwatin saki mai sifirin da ke tunkuɗa tauraro waje, su sayar da shi ɗaki-ɗaki. Kamfanin Spaceflight ya taɓa wallafa dala 295,000 a matsayin kuɗin 3U, wato kusan dala 59,000 a kilo. Ninki ashirin ke nan da ɗoriya na adadin da ke yawo a intanet. Ƙaramar roka irin Electron ta Rocket Lab tana ba mutum damar zaɓen rana da falaki, amma a lokacin da muka yi lissafi kimanin dala miliyan 7.5 ce ga kilo 300, don haka ba mu ma sa ta a takarda ba.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, kafin a tambayi farashi a fara yanke shawarar falaki. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana tafiya a tsayin kimanin kilomita 400, da karkata digiri 51.6, don haka tana ratsa saman Katsina da ke digiri 13 arewa. Sai dai a wannan tsayin akwai sauran iska mai jan tauraro ƙasa. NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Akure da hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, suka yi tare da wata jami'ar Japan, an sake shi daga tashar a Yulin 2017, ya faɗo a 2019. Ga mai koyo wannan ya isa. Ga mai son kwatanta damina da damina kuwa, falaki mai bin rana ya fi, a tsayin kilomita 500 zuwa 600, inda tauraro ke ratsa wuri a kusan sa'a ɗaya kullum, inuwa da haske su zo iri ɗaya a hoto. Shi muka zaɓa.

Gwaji ne ke cinye kuɗin da ba a tanada ba. Ba dillalin da zai karɓi tauraro sai da rahoton gwajin jijjiga, yawanci kuma ana son na zafi da sanyi a ɗakin da aka zuƙe iskarsa. Abin da ke faɗuwa a nan ƙananan abubuwa ne: noti da ba a sa wa gam ba ya kwance, walda ta tsage a jikin allon lantarki, zaren da ke riƙe eriya ya tsinke. Kowace faɗuwa tana nufin gyara da sake biyan ɗakin gwaji, wataƙila ma da rasa gurbi. Ƙa'idar CubeSat ta kuma ce dole tauraro ya kasance a kashe cikin akwati, kada ya buɗe eriya sai bayan minti 30 da saki, kada ya watsa rediyo sai bayan 45. Wanda bai gina wannan tun a zane ba, sai ya sake allo. Mu nan muna da ƙarin ɗawainiyar ƙurar hunturu; ɗaki mai tace iska da rufaffiyar ƙofa ya shiga kasafi dole, don ƙura kaɗan a kan madubin kyamara ta ɓata aikin duka.

Takardu ba su da tsada sosai, lokaci suke ci. Rajistar zangon rediyo a hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta hannun gwamnati take bi, ana buƙatar lasisin NASRDA, batirin litiyam kuma ba ya hawa jirgi sai da shaidar gwajin UN 38.3. Ga kwastan, ga inshorar sufuri. A fara su ranar da aka fara zane.

Sai dala. Ana biyan kuɗin harbi kashi-kashi, daga sa hannu har zuwa miƙa tauraro, kuma ranar tashi kan matsa da watanni. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haye 1,500. Duk kasafin da aka rubuta da naira a tsakanin nan ya rushe, alhali kamfanin roka bai ƙara ko sisi ba. Don haka da dala muka rubuta namu, muka ware rara ta musamman don jinkiri, da albashin masu aiki a watannin jira.

Tashar ƙasa ma tana ciki: eriyar Yagi ta zangon megahaz 435 zuwa 438, injin juya ta, rediyo, kwamfuta, da sola da batir, domin tauraro kan ratso sau kaɗan a yini, kowane ratsi kimanin minti goma ne kacal, kuma ba zai jira a kawo wuta ba.

Da muka haɗa jimla, shawarar da na bayar ita ce mu jingine 3U tukuna, mu gina 1U, wato kashi ɗaya cikin uku na girman 3U, mu nemi gurbi a shirin KiboCUBE na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar JAXA ta Japan, wanda ke sakin tauraron ƙasashe masu tasowa daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ba tare da kuɗin harbi ba. Ta nan Kenya ta saki nata na farko a Mayun 2018. Gini da gwaji da tashar ƙasa suna nan a wuyanmu, kuma su ne muke neman kuɗinsu yanzu.