Wata Shida Ina Bin Sawun Yatsun Van Halen

Wani abokina ne ya fara kunna mini "Eruption" a wayarsa, muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i. Kiɗan bai kai minti 2 ba, babu mawaƙi, in ban da 'yar ganga da jitar bas a farko jita ce zalla. Na ce masa ko dai mutum biyu ne, ko an ƙara wa faifan gudu. Ya ce mutum ɗaya ne, Eddie Van Halen, kuma tun 1978 ya fito. A daren na ƙudura sai na gane yadda ake yi.

Na sayi jitar lantarki ta hannu da ƙaramar lasifika. Dabarar da ke ƙarshen kiɗan ba ta da wuyar faɗi: yatsan dama ya hau wuyan jitar ya dangwali tsirkiya ya fizge, yatsun hagu su karɓa, sauti uku-uku na zagayawa. Amma makonnin farko hayaniya kawai nake fitarwa. Na daɗe ina zargin yatsuna, ashe sauran tsirkiyoyi biyar ne ke kuwwa, don in an ƙure sauti ko shafar tsirkiya ka yi sai ta yi kuka. Sai da na koyi kwantar da gefen tafin hannu a kansu. Rabin gwanintar wannan salo, wanda Turawa ke kira shred, toshe bakin tsirkiyoyin da ba a gayyata ba ne, kuma mai kallo ba ya ganin wannan aikin.

Gudun kuwa, daga sannu ya zo. Na sa manhajar ƙidayar bugu a kan 60 a minti, kullum rabin awa, ba na ƙarawa sai kowane sauti ya fita tas. Duk ranar da na yi gaggawa, gwiwar hannuna ke fara sanar da ni.

Abin da ban zata ba shi ne kunnena ya canza. Da can duk masu gudun nan ɗaya nake jin su. Yanzu ina jin yadda Yngwie Malmsteen, mutumin Suwidin, ya kwaso salon Paganini da Bach, mashahuran makaɗan Turai na zamanin da, ya zuba a faifansa Rising Force na 1984. Ina girmama shi, amma zuciyata na wajen Joe Satriani. A faifansa Surfing with the Alien na 1987, jitar ce ke tsaye a gurbin mawaƙi, har kana iya rera karin da baki kana tafiya. Gudun yakan zo ne a inda karin ke bukatarsa, sannan ya janye. Satriani ne ya koyar da makaɗin jita Steve Vai, da kuma Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica, don haka hannunsa ya kai inda sunansa bai kai ba. Haka ma Eddie: da yawanmu mun ji shi ba mu sani ba, shi ne ya kaɗa jitar tsakiyar "Beat It" ta Michael Jackson a 1982.

Da ƙungiyar Nirvana ta Amurka ta yi tashe a 1991, doguwar bajintar jita ta ja baya a kiɗan rok, amma dabarun sun riga sun bazu. Kwanan baya na kalli Mdou Moctar, Ba'abzinen makaɗin nan na Nijar mai kaɗawa da hagu, yana dangwalar wuyan jitarsa a tsakiyar kiɗan hamada, na gane motsin nan take.

Yau wata shida ke nan. Ɓangaren ƙarshen "Eruption" yana fita a hannuna da tsabta, a wajen kashi biyu cikin uku na gudun asali. Farkon kiɗan, inda ake lanƙwasa sauti da 'yar sandar ƙarfen da ke jikin jitar, shi zan fara a makon gobe.