Ka yi addu'arka a kan hanyar asibiti

Ƙannena da kuka fara ajiye iyali a ƙauye, akwai ranar da yaro zai kwanta, irin kwanciyar da ke hana uwa cin tuwo. Ranar gida zai cika da masu shawara, kowa da abin da kakarsa ta gaya masa, kai kuwa aljihunka fayau. Abin da za ka yi kafin gari ya waye shi nake so mu tattauna.

'Yata tana shekara uku, a ƙauyenmu na ƙasar Birnin Kudu, zazzaɓi ya kama ta tsakiyar Agusta, lokacin da kuɗin kowa ya tafi ga taki, gero kuma bai nuna ba. Na sayo farasitamol a kemis, jiki ya yi sanyi, can ya dawo. Da ta fara jijjiga idonta ya kakkafe, gwaggo ta ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka cusa mata cokali a baki. Na karɓo rubutu, na kwana ina nafila. Uwarta ta ce, "Maigida, don Allah mu tafi asibiti." Na ce mata ina tawakkalinta. Allah ya sani kuɗin mota nake tsoro, da kunyar zuwa rance, sai na yafa wa tsorona rigar addini.

Malamin da na koma wa neman ƙarin rubutu shi ya kore ni. Ya ce, "Malam, ka kai ta an duba jininta?" Na yi shiru. Ya tuna mini mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Tirmizi ne ya ruwaito. Ya ƙara da na Buhari, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani.

A asibiti aka ce cizon sauro ne ya yi tsanani. Ƙwayar cutar farfasa jini take yi, shi ya sa tafin hannun yaro da cikin idonsa suke yin fari fat. Sai da aka yi mata allurai aka ƙara mata jini. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma na ga wasu iyayen sun fito da nasu a naɗe cikin zane.

To ka riƙe wannan. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ana tashinsa ba ya farkawa sosai, ba na kwana a gida ba ne. Mai jijjiga a kwantar da shi a gefensa, kada a sa masa komai a baki. Rubutun ma kada a ɗura masa, zai iya shaƙe shi. Shafa masa. Tofi kuwa ko a bayan babur ana yin sa: "Allahumma rabban nasi, azhibil ba'sa, ishfi antas Shafi." In dare ya yi nisa a ɗakin marasa lafiya, bakinka ya rasa abin faɗa, ga addu'ar Annabi Ayyuba a Suratul Anbiya, aya ta 83, gajeriya ce, ko ɗan makarantar allo zai haddace.

Kuma kada ka tsawata wa matarka don tana kuka. Na yi, har yau ina jin nauyinsa. Annabi da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Wa ya fi shi imani? Gara ka karɓe ta jinyar, ta samu ta yi salla a nutse, ta ɗan runtsa. Mu maza mun iya zama a gindin bishiyar asibiti muna amsa gaisuwar 'yan dubiya.

Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi gida-gida da damina, na yara daga wata 3 zuwa 59, da can ko ƙofa ba na bari a buɗe musu. Yanzu ni nake tsayawa a ba yarana na ranar farko, in kuma tambayi na kwana biyun da ake bar wa uwa. Da kaka ina ware buhun gero guda da ba a taɓawa sai don ciwo. Na kuma gaya wa matata a gaban gwaggo cewa in jikin yaro ya rikice ina gona ko ina kasuwa, ta kira mai babur ta tafi, ba sai ta jira izinina ba.