Baƙin da ke zuwa lambuna kafin asuba: wasiƙa daga wani ƙauye a Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, manya da yara. Ina fata an gama girbi lafiya, an kai amfani rumbu. Mu nan sanyi ya kankama, ganyen itatuwa ya yi ja ya zube, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe.

Shekarata huɗu ke nan a wani ɗan ƙauye da ke kan tuddan Ciltan, tsakanin Landan da Oksfod. Gidan da muke haya shi ne na ƙarshe a layi. Bayansa akwai fili da na mayar lambu, bayan lambun shinge, bayan shingen gonar alkama, sai kurmi. Na san da yawa a cikinku in an ce Turai, kwalta da benaye ne ke zuwa muku a rai, ni ma haka na ɗauka kafin in zo. To abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, namun dajin da na gani a bayan gidan nan cikin shekara huɗu sun fi waɗanda na gani a shekaru goman ƙarshe da na yi a ƙauyenmu. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai.

Sallar asuba ce ta haɗa ni da su. A watan Yuni, wajen ƙarfe uku na dare alfijir ke ketowa a nan. Duk ƙauyen na barci, ba ƙarar mota, ba motsin mutum, sai ni kaɗai a tsaye bakin tagar kicin bayan na yi alwala. A wannan lokaci lambun ba nawa ba ne.

Wadda ta fara gaishe ni ita ce yanyawa, kuma gaisuwar ba ta yi daɗi ba. Wasu na ce mata dila, amma ta fi kama da yanyawarmu, sai dai ta fi ta girma, ja ce, da farin ƙirji da jela mai gashi buzu-buzu. A shekararmu ta farko uwargida ta sayi kaji shida, don ta ce gidan da ba kukan kaza bai cika gida ba. Na haɗa musu akurki da katako da 'yar raga mai laushi. Wata uku muna cin ƙwai. Ran nan da safe na fita da tsaba, na tarar da gashin kaji ya rufe ciyawa kamar an zazzage matashin kai. Biyar na kwance an karya musu wuya, ta shida babu ita. Ta ƙarƙashin raga aka haƙa rami aka shiga. 'Yata ƙarama ta tsuguna gaban wata baƙar kaza da ta fi so, tana shafa ta, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun nata ya fi asarar kajin yi mini zafi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce sai na nemo guba na zuba a nama. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ta haura saba'in, wadda yarana ke kira Kaka, ita ta tsayar da ni a bakin shinge. Ta ce sa wa yanyawa guba laifi ne a dokar ƙasar, kuma ko ba doka, gubar ba za ta tsaya kan yanyawa ba, karen wani zai ci, tsuntsun da ya ci mushen zai mutu. Ta ce ko na kashe wannan, kafin wata ya zagayo wata za ta gaje wurin, tunda abinci na nan. Sai ta ja ni ta nuna mini nata akurkin: waya mai kauri, an binne gindinta cikin ƙasa an kuma lanƙwasa ta waje, yadda mai haƙa zai ci karo da ƙarfe. Shekara da shekaru tana kiwo ba ta rasa ko ɗaya ba. Na yi yadda ta ce, kuma har yau kajinmu na nan. Yanyawar ma na nan. Cikin Janairu, lokacin barbararsu, takan yi wani irin ihu da tsakar dare kamar mace na neman agaji, daren farko da na ji har na kai hannu ga waya zan kira 'yan sanda.

Ku sani ba wai Turawan nan sun haɗu a kan son yanyawa ba ne. Ɗaruruwan shekaru masu hali na farautarta a kan dawaki da garken karnuka, sai dokar 2004 ta hana farautar da karnuka a Ingila da Wels, aka fara aiki da ita a Fabrairun 2005. Har gobe akwai manoman da ke jin mutanen birni ne suka ɗora musu wannan doka, kuma mai lasisin bindiga yana iya harbinta a gonarsa.

Akwai kuma wata 'yar gada da suke kira muntjak. Tsayinta bai wuce na ɗan akuya ba, bayanta a ɗan tanƙware, tana haushi kamar kare. Asalinta daga Sin ne. Wani basarake ne ya kawo su gandunsa na Wuban a yankin Bedfod fiye da shekara 100 da suka wuce, wasu suka tsere, wasu aka sake su, yanzu sun cika kudancin ƙasar. Ba su da lokacin haihuwa, duk shekara suna yi. Ita ce ta cinye mini alayyafo da ganyen wake kaf a dare biyu, alayyafon da na sha wahala kafin ya yarda ya tsiro a wannan ƙasa mai sanyi. Abin da ya sa irin su suka yi yawa har suna lalata kurmi shi ne babu mai cin su. Kerkeci ya ƙare a Ingila wajen shekara 500 da suka wuce, mutane ne suka ƙarar da shi. Ƙasar ta cinye manyan namun dajinta tun da daɗewa, abin da ya rage shi ake ta lallaɓawa yanzu. Kuregen da ke tone mini albasa ma baƙo ne, a 1876 aka fara sako shi daga Amurka, ya kori jan kuregen ƙasar daga kusan duk Ingila.

Dagen nan kuwa, ɗan uwan dagenmu na gida ne a ƙira da taurin kai, sai dai fuskarsa zane ce fari da baƙi. Sau biyu kawai na gan shi ido da ido, amma aikinsa nakan gani da safe: ramuka ƙanana ko'ina a cikin ciyawa, inda ya tono tana. Dokar 1992 ta kare shi, ko raminsa ka toshe kana iya fuskantar tara ko ɗauri. Duk da haka gwamnati ta ba da izinin harbe su a wasu yankuna tun 2013, saboda tarin fuka na shanu da ake cewa suna yaɗawa, kuma an kashe fiye da 200,000. Makiyayin da aka yanka masa shanu don sun kamu yana da tasa hujja, masu kare dage suna da tasu, rigimar ba ta mutu ba. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka zama da naman daji a nan ba shi da tsada ko gardama.

Amma wadda ta shiga raina ita ce bushiya.

Wata asuba a bazarar shekara ta biyu na ji wani gurnani da huci a gindin kabewa, kamar ƙaramin alade. Na haska tocila, sai ga ta, ta fi tamu ta gida girma da duhu, tana cin wata tsutsa da ƙarar tauna. Da hasken ya same ta sai ta tsaya cak, ta sunkuyar da goshi, ƙayoyin suka miƙe. Na kashe tocilan na tsuguna. Bayan ɗan lokaci ta saki jiki, ta fito da ɗan hancinta mai laima tana shinshina iska, ta zo har ta taɓa bakin silifas ɗina, sannan ta wuce abinta. Ina nan tsugune sai na tuna rabona da ganin bushiya tun ina yaro, lokacin da muke tono su a gindin kalgo da sabara mu gasa. Ban san ranar da suka daina zuwa bayan gidanmu ba. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya yi jaje. Kawai wata rana babu su.

A nan ma suna ƙarewa, bambancin shi ne akwai masu ƙirgawa. Rahoton da aka fitar a 2022 ya nuna bushiyar karkara a Birtaniya ta ragu da tsakanin kashi 30 zuwa 75 cikin 100 tun daga 2000. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: an tumɓuke shingayen itatuwa da ke raba gonaki don manyan injuna su sami fili, maganin ƙwari ya rage abincinta, motoci na take ta, dage ma na cin ta. A dare ɗaya bushiya kan yi tafiyar kilomita 1 zuwa 2 tana neman abinci, don haka lambu ɗaya ba ya isar ta. Shi ya sa mutane ke huda ƙaramar kafa a gindin shingensu, santimita 13 tsawo da faɗi, don ta riƙa wucewa daga gida zuwa gida. Ni da Kaka mun huda tamu, ɗana ne ya riƙe zarto. Ita ta koya mana kada a ba bushiya madara don tana sa ta zawo, ruwa a faranti marar zurfi ya wadatar. A bazarar 2022 da zafi ya kai digiri 40 a ƙasar nan, abin da ba a taɓa gani ba, ƙasa ta bushe ta tsage, kullum da safe sai na tarar da farantin nan a bushe ƙarƙaf. Nakan tuna mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, in sake cika shi.

Ranar 5 ga Nuwamba suna da al'adar kunna babbar wuta da wasan tartsatsi. A daidai lokacin ne bushiya ke neman tarin itace da ganye ta shige ta yi dogon barcin hunturu, wanda kan kai ta har Maris. Saboda haka kafin a cinna wuta sai ka ga manya da yara suna ɗaga itacen ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa. Ranar da na fara ganin haka hankalina ya koma gida, ga kaka ta wuce, ga matasa sun cinna wa daji wuta don gafiya da zomo, wutar ta ci abin da aka nufa da abin da ba a nufa ba, har ƙwan zabin daji da ƙananan itatuwa. Na san talauci ne ke kai yaro neman nama a rami, na san yunwa ba ta jin wa'azi, kuma ba daga ƙasar da ake ƙoshi zan zauna ina zargin kowa ba. Amma daji guda ake ƙonawa don nama da bai cika tukunya ba, kuma baɗi abin da za a samu bai kai na bana ba.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa yana sama da kaina kullum. Shirwa ce, ja, mai jela kamar almakashi, faɗin fikafikanta ya kusa mita 2. An taɓa ƙarar da ita a Ingila da guba da bindiga, saura 'yan kaɗan a tsaunukan Wels. Wajen 1990 aka kawo 'ya'yanta daga Sifen aka sake su a waɗannan tuddai da nake zaune. Yau in manomi na huɗa, sai ka ƙirga ashirin ko talatin suna shawagi bayan tarakta. Sun yi yawa har a 2022 aka ɗebi 'ya'yansu daga Ingila aka mayar Sifen, inda tasu ta ragu. Uwargida dai har yanzu in inuwarta ta gifta sai ta duba kajinta, ko da yake wannan ta fi son mushe.

Kuma ba sai an zo Turai za a ga irin wannan ba. 'Yan uwanmu na Nijar sun sani. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu har saura 49 a 1996. Aka hana kashe su, mutanen ƙauyukan suka haƙura da su duk da suna cin musu wake a gona, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Manoman da suka yi wannan haƙuri ba su fi ku wadata ba.

Ina da roƙo ga malaman makaranta da iyaye da ke karanta wannan. Ku tambayi yaranku, wa ya taɓa ganin bushiya da idonsa, wa ya san tunku, wa ya taɓa jin kukan dila da dare, wa zai iya bambanta gada da barewa. Sannan ku tambayi tsofaffi abin da suke gani a bayan gari lokacin ƙuruciyarsu, ku rubuta sunayen da wuraren. In akwai wata 'yar fadama ko kurmin bayan gari da ya rage, a yi magana da mai unguwa a ware shi daga wuta ko da na shekara uku ne, a ga abin da zai dawo. Wanda ya yi hakan ya rubuto mini, ina son in ji.

Tamu bushiyar ta shige ƙarƙashin tarin ganyen da muka bar mata a kusurwar lambu, mako biyu ke nan ban gan ta ba. Na hana yara buga ƙwallo ta wajen har sanyi ya wuce. Ku gaishe mini da kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Naku, daga tuddan Ciltan.